Sunan Titi

Gudrun na zaune a ƙasan kicin dafe da ƙirji, dankalin da take ferewa ya watse, lokacin da mijinta Reinhold ya samu aka ɗauki wayar.

"Baba, faɗa min adireshi," in ji yarinyar ofishin motar asibiti.

"Titin Haɗin Kai, bayan ofishin gunduma."

"Wace gunduma? Babu wannan titin a wajena."

Ina za ta san shi? Tana can wani birni mai nisa, wataƙila ba a ma haife ta ba sanda aka haɗe Jamus biyu. Daga baya aka narkar da gundumarsu cikin wata, aka rufe asibitinsu, masana'antar da Reinhold ya yi wa aiki ta zama kango. Titin ma aka sake masa suna. Nan ne ya kafe, ya rantse bakinsa ba zai taɓa furta sabon ba. Wasiƙa Gudrun ke karɓa, kwatance ita ke yi. Shi in ya zo wucewa ta kwanar da allon sunan yake, kai yake kawarwa kamar ya ga tsohuwar budurwa.

Yau ya nemi sabon sunan a kansa, babu shi. Tsoro ya kama shi sosai.

"Gudrun, yaya ake ce masa?"

Ta buɗe baki, numfashi kawai ya fito.

"Kada ki kashe, 'yata, don Allah," ya ce wa yarinyar. Ya sauka daga bene da silifas, wayar a hannunsa, gwiwoyinsa na ciwo, ya bi ta gaban shagunan da aka toshe da katako har kwanar. Ya ɗaga kai. Allon har ya yi tsatsa, ashe shi ma ya tsufa. Ya ɗaga murya ya karanta mata a hankali, sau biyu.

"Titin Maƙera. To, ga mu nan zuwa, Baba."

Da ya dawo ya zauna a ƙasa kusa da matarsa yana haki, ya riƙe hannunta. Tagar kicin a buɗe take, ta ji komai.

"Tsoho," ta ce da ƙyar, "bakin naka bai tsage ba?"

"Yi shiru ki ja numfashi."

"Ka riƙe sunan da kyau. In ban dawo ba, kai za ka riƙa faɗa."

Ya kasa kunne yana jiran jiniya, leɓensa na maimaita sunan.