Zaren Inna Turai

Ranar da Zuhura ta raba wa tsofaffi fensiran kala, Inna Turai ta soka nata a bayan kunne, ta ce a kawo mata auduga.

Gidan kula da tsofaffin yana bayan garin Kankiya, wata ƙungiya ce ta gina shi. Zuhura kuwa aikinta ke nan, ta samar musu abin yi don kada zaman shiru ya cinye su. Yarinya ce mai kirki, sai dai kirkinta ba ya tsayawa ya ji bayani.

Aka kawo audugar. Turai ta gurje, ta shiɓe, ta shafa alli a yatsu, mazari ya kama juyi. Tun tana budurwa a Kaikai take kaɗi. Miji ya rasu, 'ya'ya ba su rayu ba, ɗaki ya rufta da damina, aka kwaso ta nan. Tuwon da take ci na sadaka ne, haka katifa, haka zanen jikinta. Abin yana ci mata rai ƙwarai. Shi ya sa ta ƙudura cewa likkafaninta kam daga yatsunta zai fito, yadda tsofaffin garinsu suke yi. Malam Rufa'i, tsohon masaƙi da ke ɓangaren maza, shi yake saƙa mata zaren.

Ta faɗa wa Zuhura tun farko.

"Subhanallahi, Inna! A daina zancen mutuwa a gidan nan," in ji Zuhura. Ta ɗauka rigimar tsufa ce, ta manta.

Sai ga ranar baje kolin aikin hannu. Aka jera faya-fayi da huluna a tebur. Turai na alwala aka ɗauke farin saƙinta daga ƙarƙashin matashi. Kafin ta dogaro sanda ta iso rumfa, har Zuhura ta miƙa shi kyauta ga babbar baƙuwa, Hajiya Fadimatu, wadda ke ciyar da gidan.

"Kai, wannan zai yi kyau a teburin falo," in ji Hajiya tana shafa shi.

Aka yi tafi. Turai ta ratsa tafin, ba ta gaida kowa ba, ta damƙi gefen saƙin.

"Hajiya, in kin shimfiɗa shi bisa tebur, to ki bar mani wuri. Ran da na cika, nan za a kawo ni a naɗe."

Zuhura ta dafe baki, sai yanzu maganar ta dawo mata.

Hajiya ba muguwa ba ce. Idonta ya ciko, ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, ban sani ba. Ki bar mini wannan don albarka. Ni zan sa a kawo miki farin yadi mai kyau daga Kano, a ajiye miki."

"Allah shi saka maki. Kin ciyar da ni, kin tufatar da ni, ban musa ba. Amma ba ni zuwa gaban Ubangijina da kayan wani. Wanga nawa ne."

Ta ja. Hannun tsohuwa ne, ba wani ƙarfi, amma Hajiya ta saki.

Turai ta rungume saƙin ta juya. Zuhura ta biyo ta tana hawaye.

"Inna, ki yafe mini."

"Na yafe, ɗiyata. Share fuskarki, baƙi na kallo." Ta ɗan tsaya ta huta a kan sanda. "Gobe ki sa a ƙaro mani auduga. Saura kallabin, kuma na roƙi Allah kada shi kira ni da kai buɗe."