Minti Talatin da Takwas na Yaya Fumie

Aikina bai wuce in karanta abin da na'ura ta rubuta in faɗa wa mutane ba. Mu biyar ne a kamfaninmu, a wani ɗaki saman shagon mai gyaran keke a Takaoka, kuma mu ke kula da kwamfutocin gidan tsofaffin da ke bakin kogi. A gidan nan kowane gado yana da madanni. Tsoho ya danna, fitila ta kama a ƙofa, na'ura ta rubuta layi ɗaya: ɗaki kaza, ƙarfe kaza. Ma'aikaciya ta zo ta danna na jikin bango, fitila ta mutu, na'ura ta sake rubuta wani layin. Shekara da shekaru layukan nan suna taruwa, babu wanda ya taɓa leƙa su.

Sai ranar da Baba Tsurumi na ɗaki na sha huɗu ya faɗi da tsakar rana, ƙugunsa ya karye. 'Yarsa ta zo daga Kanazawa da tambaya ɗaya tak: minti nawa ubanta ya yi a ƙasa kafin a zo? Shugaban gidan, Odagiri, mutumin da ko atishawa zai yi sai ya nemi takarda, ya kira ni in ciro masa amsa.

Ban sha wahala ba. An danna kira ƙarfe sha biyu da minti arba'in da ɗaya da sakan bakwai, an kashe fitila ƙarfe ɗaya da minti sha tara da sakan hamsin da biyu. Minti talatin da takwas da sakan arba'in da biyar. Sai na duba sunan mai aikin ranar. Hamasaki Fumie ce, maƙwabciyarmu, wadda ta goya ni ina yaro, ta kuma yi wa mahaifiyata wanka wata takwas a wannan gidan kafin ta rasu.

Na same ta a bayan kicin tana cin shinkafarta a tsaye. Ta ce ko minti biyu ba ta yi ba ta isa. Ta tarar da tsohon a ƙasa yana kuka, ta zauna ta tallafe kansa, ta ƙwala wa wata kira a nemo motar asibiti, ba ta tashi ba sai da aka ɗauke shi. A nan ta tuna da fitila.

"To me ya hana ki danna tun da kika shiga, Yaya?"

"Kai Tetsuo, har yanzu ba ka yi hankali ba. Mutum yana ƙasa in tsaya gaida bango?"

Ashe haka tsohuwar shugabarsu ta koya musu shekara goma sha tara da suka wuce: hannu ya fara taɓa mutum, sai an gama an wanke hannu a kashe fitila. Duk sa'annin Yaya Fumie sun yi ritaya, ita kaɗai ta rage a kan wannan koyarwa.

Na koma ofis da ƙarfina, ina ganin na samo mafita. Idan ɗabi'arta ce, ai layukan za su nuna. Na zauna na rubuta wa kwamfuta umarni: ta bi kundin wata shida layi-layi, ta haɗa kowane kira da kashewarsa, ta cire wannan daga wancan, ta jera a gaban sunan kowa. Na yi fama da layukan da suka gutsure ranar da aka ɗauke wuta, da tsohuwar da ke danna madanni sau goma a jere don kawai a zo a yi mata hira. Kwana biyu na yi, kuma gaskiya aikin ya yi kyau, har ina yaba wa kaina. Kowa sakan arba'in, sakan hamsin. Yaya Fumie minti goma sha ɗaya, kusan kullum, ba ranar faɗuwar kaɗai ba.

Na kai wa Odagiri ina murmushi kamar wawa. Ya gyara tabarau, ya bi jerin da yatsa, ya tsaya a kan sunanta, ya ce ashe abin ma ya daɗe. Na ce ba haka ake karanta shi ba, ranka ya daɗe, lissafin ba ya nuna lokacin da ta isa, lokacin da ta gama yake nunawa. Ya tambaye ni a wane layi aka rubuta lokacin da ta isa. Babu. Na tono kundin ƙofofi, ƙofar ɗaki ba ta rubuta komai. Kyamara tana kallon matakala ne kawai. Wadda ta kira motar asibiti ta ce ba ta duba agogo ba. Shi kuwa Baba Tsurumi, da aka tambaye shi wa ya zo masa, sunan matarsa da ta rasu ya kira.

Na roƙi Yaya Fumie ta yi bayani da bakinta a gaban 'yar Baba Tsurumi. Ta ƙi. Ta ce mutum yana kwance da karyayyen ƙugu, ba ranar wanke kai ba ce. Ranar Juma'a ta sa baƙaƙen kaya, ta riƙo kwalin alewa, ta tsaya kusa da Odagiri ta sunkuya har ƙasa tana ba 'yar haƙuri. Takardata tana kan teburi a gaban matar, da hatimina a ƙasanta. Ina tsaye a bakin ƙofa, na ji kunya da baƙin ciki irin wanda ban taɓa ji ba.

Ƙarshen wata ta ajiye aiki. Da na je gidanta ba da haƙuri, ta zuba mini shayi ta ce, "Ai ba ƙarya ka yi ba, ɗan nan. Sha kafin ya huce." Na so a ce zagina ta yi.

Odagiri kuwa umarnin nan nawa ya shiga ransa. Yanzu kowace safiya kwamfuta ke lissafawa da kanta, a manna takardar a ɗakin ma'aikata.

Makon jiya na je gyara musu na'urar buga takardu. Ina wucewa fitilar ɗaki na shida ta kama. Wata ma'aikaciya da ke tura keken abinci ta zura hannu ta ƙofa, ta kashe, ta ce, "Ina zuwa, Inna," ta wuce. Na leƙa. Tsohuwar tana zaune a bakin gado, ƙafa ɗaya a ƙasa, tana neman a kai ta bayan gida. Ban iya ɗaga tsoho ba, kuma dokar gidan ta hana ni taɓa ta. Na bi baranda ina neman wani, kowa hannunsa cike. Na dawo na tsaya kusa da ita ina kallon agogo, minti ashirin da uku, ita kuma tana tambayata ko Fumie ta dawo daga hutu.

Washegari takardar ta fito. Ɗaki na shida, sakan tara.