Mai Zuwa Bayan Azahar

Abdulnasir mai gyaran agogo da tabarau ne a unguwar Wulari. Ɗan shagonsa yana ƙarƙashin wata tsohuwar darbejiya, gab da rumfar Yoila mai faci. Ya ba arba'in baya, ga mata ga 'ya'ya uku, amma duk wanda ya leƙa shagon, idonsa kan wata kantar gilashi yake fara sauka. Cike take da 'yan ƙananan motocin roba, irin waɗanda ake kwaikwayowa daga finafinan Turawa, waɗanda in ka san kansu sai ka lanƙwasa nan, ka ja can, mota ta miƙe tsaye ta zama mutum-mutumi mai hannu da ƙafa. Shi 'yan rikiɗa yake ce musu. Tun yana saurayi yake tsintar su a dilolin gwanjo na kasuwar Monday Market, wata ba taya, wani ba hannu, ya zauna da ɗan mitsitsin sukundirebansa ya ɗinke su. Matarsa Jannat ta yi tsiya har ta gaji ta sa masa ido.

Wata Talata cikin zafin Afrilu, wata mata mai suna Halimatu Sadiya ta kira shi a waya. Ta ce wani ne ya ba ta lambarsa, an ce yana tara irin waɗannan kayan wasa. Akwai kwali guda a gidan mahaifiyarta a Umarari, na ƙanenta ne, ya zo ya kwashe.

"Sayarwa za ku yi?"

"Kai dai ka zo ka ɗauka. So nake su bar gidan."

Washegari da hantsi ya hau Keke ya tafi. Gidan tsohon ginin siminti ne a ƙarshen wani lungu. Halimatu Sadiya ta shigar da shi, ya durƙusa ya gai da mahaifiyarta, Hajja Kellu, wadda ke zaune kan tabarma a inuwar baranda. Yanar ido ta rufe mata gani, inuwar mutum kawai take gani. Ta amsa gaisuwar da Kanuri, "wushe, wushe," sannan ta juya Hausa irin tasu ta mutanen gari.

Halimatu Sadiya ta kai shi wani ɗaki a bayan gida, ta tsaya daga bakin ƙofa, ta ƙi shiga. Daga nan ta ba shi labari ƙasa-ƙasa. Ɗakin Umara ne, autansu. Yana ajin ƙarshe a jami'a lokacin da mutanen daji, 'yan tayar da ƙayar bayan nan, suka tare motarsu a hanyar Damboa, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ba gawa, ba labari. Hajja ta hana a taɓa komai a ɗakin.

"To yanzu kusan shekara guda, abubuwan nan canzawa suke yi," in ji ta. "In zo in same su motoci, in dawo bayan kwana biyu in same su tsaye. Hajja ita kaɗai ce a gidan, kuma ba ta gani. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, a banza."

Abdulnasir ya shiga. Katifa da littattafai duk ƙura ta lulluɓe su. A kan wani katako jikin bango ga 'yan rikiɗa goma sha huɗu a jere, fes da su kamar yau aka wanke. Ya ɗauki guda ya motsa hannunta. Gaɓar ta juya sumul. Ya kai ta hancinsa, ya ji warin man keken ɗinki, sabo. Shi dai bai san aljanin da ke sayen man keken ɗinki ba.

Ya zuba su a kwali. Zai fita, Hajja Kellu ta kira shi.

"Ɗana, zo nan." Ya matso ya durƙusa. Ta laluba ta kama hannun rigarsa, ta rage murya don kada 'yarta ta ji. "Ita tana cewa iska ne. Ni na san ɗana ne. Bayan azahar yake zuwa, in na kwanta. Ina jin sakatar ƙofar baya, ina jin ƙas, ƙas, ƙas a ɗakin. In na yi motsi sai ya gudu. Sau uku ina kiran sunansa. Ban san abin da suka sa shi ya aikata a can ba da yake jin kunyata. Shi ya sa na yarda ka ɗauke su. Zai biyo su. In ya zo, ka ce masa uwarsa ta ce ko me ya yi, ya zo ya gaishe ta."

Abdulnasir ya ce to. A ransa ya ce Allah sarki, tsufa da ɗacin rashi.

A shago ya ware musu layi guda a kanta. Sha uku duk ya gane kansu a yini ɗaya. Ta sha huɗun ce ta gagare shi, wata jar motar kashe gobara mai tsani a baya. Ƙafafu su fito, hannaye su fito, amma kan ya ƙi, tsanin ya cije. Kwana bakwai yana fama, yana tsoron matsawa kada ta karye. Ya ajiye ta a kan teburin aiki, rabi mota rabi mutum.

A rana ta tara, an sauko daga sallar azahar, titi ya yi tsit, kwalta na tururi. Yoila ya miƙe a kan benci ya rufe fuska da hula. Abdulnasir ya ɗaga kai daga wani agogo, sai ya hangi mutum tsaye a tsallaken titi, cikin tsakiyar rana, ga inuwa kusa da shi amma bai shiga ba. Dogo ne, ramamme, cikin wata jallabiya da ta koɗe. Idonsa na kan shagon. Hannayensa biyu suna gaban ƙirjinsa, ba komai a cikinsu, amma yatsun na aiki: su ja, su lanƙwasa, su murɗa, su danna. Su tsaya. Su sake daga farko.

Abdulnasir ya daɗe yana kallo kafin ya gane. Ƙafafu ke nan. Hannaye ke nan. Motsin da shi kansa ya kwana bakwai yana yi ne, sai dai na mutumin bai tsaya inda nasa ke tsayawa ba. Ya miƙe zai fita, wata tifa ta gifta, kafin ƙurarta ta kwanta mutumin ya shige lungu.

"Yoila, ka ga mutumin can?"

Yoila ya ɗage hula. "Mai wasa da hannu? Jiya ma ya zo, kana masallaci. Na ɗauka cikin masu taɓin hankalin nan ne."

Hankalin Abdulnasir ya ɗan kwanta da jin ba shi kaɗai ke ganinsa ba, amma abincin rana bai ciwu ba.

Washegari ya fito da benci inuwar darbejiya, ya ɗora jar motar a kai tare da ledar ruwa mai sanyi, ya koma ciki ya yi kamar yana aiki. Mutumin ya zo a daidai lokacin jiya. Ya yi kusan rabin sa'a a tsallake. Sannan ya ƙetaro a hankali, ya tsuguna gaban bencin, ya ɗauki motar da hannu biyu. Bai ko kalle ta ba. Ya danna tayar hagu ta baya da babban yatsa, ya murɗa tsanin baibai, sai ƙas, kai ya fito.

Abdulnasir ya fito ya tsaya nesa kaɗan. "Sannu, Malam. Kai ne Umara?"

Mutumin bai ɗago ba. Ya mayar da mutum-mutumin mota, ya sake buɗe shi.

"In ba a motsa su kullum, gaɓoɓin sandarewa suke yi," ya ce. Muryarsa a dushe take.

"Hajja ta ba ni saƙo. Ta ce ko me ka yi, ka je ka gaishe ta."

Yatsun suka tsaya cak. Ya ajiye motar a hankali, ya miƙe ya tafi. Ruwan ma bai taɓa ba.

Abdulnasir ya kira Halimatu Sadiya ya gaya mata komai. Washegari tun kafin azahar Keke ya sauke ta da Hajja Kellu. Aka zaunar da tsohuwar a kan benci, motar a cinyarta, ita kuma 'yar ta shige cikin shago tana leƙe ta bayan kanta. Ranar bai zo ba. Kashegari ma haka. Hajja ta ce ko wata guda ne za ta yi ta zuwa.

A rana ta uku ya bayyana.

"Ga shi can, Hajja," in ji Abdulnasir.

Halimatu Sadiya ta leƙa ta gilashi ta daɗe. "Ban sani ba," ta ce. "Tsayin ya yi. Wallahi ban sani ba."

Hajja Kellu ta ɗaga fuska wajen titi ta kira sunan da ƙarfi, sau ɗaya. Mutumin ya ƙetaro kamar ana jansa da igiya, ya zube a gabanta. Ya gaishe ta da Kanuri, da wani laƙabi da ya sa Halimatu Sadiya toshe baki da mayafi. Daga baya ta gaya wa Abdulnasir cewa duk duniya Umara kaɗai ke kiran uwarsu da shi.

Tsohuwar ta kai hannaye biyu fuskarsa. Ta shafa goshi, ta bi gira, ta sauko hanci, ta zagaya bayan kunnen dama ta tsaya nan tana lalube. Ta sake komawa goshi. Sannan ta sauke hannayenta a cinya.

"Ba shi ba ne," ta ce.

Yoila, da ya taso da ƙarfen cire taya a hannu, ya tsaya inda yake.

"Wane ne kai, ɗan nan? Wa ya nuna maka ƙofar bayan gidana?"

Mutumin ya yi magana yana kallon ƙasa, da Hausa, guntu-guntu. Tare aka tsare su a daji, shi da Umara, a rami ɗaya, ƙafarsu a sarƙa ɗaya. Shekara uku. Ba abin yi sai magana. Umara ya ba shi gidan kaf: lungun, sakatar da ake ɗagawa da tsinke, inda Hajja ke ajiye man keken ɗinkinta, lokacin da take kwanciya. Ya koya masa motocin goma sha huɗu ɗaya bayan ɗaya da hannu wofi, har ya haddace, ya ce wannan ne ke hana kan mutum juyewa. Da zazzaɓi ya kama Umara, ya ce masa in ka fita ka je ka gaya wa uwata.

"Na zo in faɗa," ya ce. "Na shiga na gan ki kina barci. Sai na ce bari in fara duba motocin. Kullum sai in ce gobe."

"Ya rasu?"

"Da damina. Ni na haƙa masa. Na yi masa salla ni kaɗai."

Halimatu Sadiya ta fashe da kuka a cikin shago. Hajja Kellu ta yi salati, ta maimaita, hawaye na bin kuncinta. Ta daɗe a haka. Can ta tambaye shi inda yake kwana, ya ce a wani kango bayan tasha. Ta tambayi danginsa, ya ce ƙauyensu babu kowa yanzu.

"Tashi," ta ce. "Kama hannuna."

"Hajja!" in ji Halimatu Sadiya. "Ba mu san shi ba fa!"

"Shi ya san mu."

Abdulnasir ya mayar da goma sha huɗun cikin kwalinsu ya sa musu a Keke. Mutumin ya rungume kwalin a cinya, tsohuwar na riƙe da gefen jallabiyarsa.

Bayan wata biyu aka yi wa Hajja aikin ido, Halimatu Sadiya ta aiko da takardar tabarau, Abdulnasir ya haɗa ya kai da kansa. Mutumin ne ya buɗe masa. Ya yi ƙiba kaɗan, an yi masa aski, yana sanye da wata rigar ƙwallo tsohuwar yayi da ta ɗan matse shi a kafaɗa. Tsakar gida a share, randa a cike. Daga ciki Hajja ta ɗaga murya: "Umara, wane ne?"

"Mai agogo ne," ya amsa.

Abdulnasir ya gwada wa Hajja tabarau. Ta dubi bango, ta dubi hannunta, ta dubi mutumin da ke tsaye a bakin baranda, ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce ya kawo wa baƙo ruwa. Da Abdulnasir zai tafi, mutumin ya rako shi har bakin lungu. Nan Abdulnasir ya kasa haƙuri.

"Malam, don Allah, ban taɓa tambayarka ba. Kai mene ne sunanka? Naka na yanka."

Mutumin ya buɗe baki zai amsa. Ya tsaya. Ya dubi ƙasa, ya dubi bangon maƙwabta, goshinsa ya tattare kamar mai neman abin da ya ajiye yanzu-yanzu. Abdulnasir ya jira har wani mai Keke ya tsaya ya yi masa hon ya gaji ya wuce.

"Zai dawo mini," mutumin ya ce a ƙarshe, da ɗan murmushi. "In ya dawo zan gaya maka."

Hajja ta sake kira daga cikin gida. Ya amsa da sauri, ya juya ya koma.