Godiyar da Ta Makara Shekara Uku

Wasiƙar ofishin haraji ta iske Boatemaa a gaban tanderunta a Kumasi, hannunta duk fulawa. Ta karanta sau biyu a tsaye, na uku a zaune. An ga kuɗi masu yawa sun shiga asusunta na banki shekara uku da suka wuce, an kuwa ɗauka ribar burodi ce ta ɓoye. Idan ba ta kawo hujja cikin wata guda ba, za a yanka mata haraji har da tara. Ba ta da abin da zai biya wannan sai tanderun, wanda da ma da kuɗin aka saye shi.

Ma'aikaciyar da ta saurare ta a ofishin dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da zafin rai.

"Kin ce mahaifinki ne ya ba ki. To, kyautar uba daban, ribar sana'a daban. Ina takarda?"

"Babu takarda, Anti. A ƙunshe cikin tsohon zane ya ba ni."

"Wa ya gani?"

"Daga ni sai shi, sai kajin gidan."

Matar ta yi dariya har ta cire tabarau. "Kaji ba sa dangwala hannu, 'yata. Ba ki yi aseda ba?"

Boatemaa ta sunkuyar da kai. A wurinsu, 'ya'yan 'yar'uwar mutum ke gadonsa. Abin da uba ya ba ɗansa ba ya tabbata sai an tara dangin uban, ya faɗa da bakinsa, wanda aka ba ya yi godiya a bainar jama'a da abin sha da ɗan abin hannu, dangi su karɓa. Wannan godiyar ce aseda. Mahaifinta, Agya Dapaa, shi ya hana ta yi, don gudun idon Amoateng, ɗan ƙanwarsa kuma magajinsa.

"Je ki yi yanzu," in ji matar. "Babban dangi ya sa a rubuta, shaidu su sa hannu, ki kawo mu duba."

Washegari ta hau mota zuwa ƙauyensu, can gaba da Tepa. Ta sami tsohon a inda aka ce yake wuni, a ƙarƙashin itatuwan koko, inda rana ba ta sauka sai ɗigo-ɗigo. Hankalinsa ya daɗe da fara tafiye-tafiye, wani lokaci ya dawo, wani lokaci ya kwana can. Ya dube ta da murna, ya kira ta da sunan mahaifiyarta, wadda ta rasu shekara goma da suka wuce.

"Konadu, kin juya shanyar? Hadari na haɗowa."

"Baba, ni ce, Boatemaa."

"Boatemaa tana makaranta," ya ce a hankali, kamar mai gyara wa yaro lissafi.

Ta zauna kusa da shi ta jingina da kututture. Ƙamshin kokon da aka lulluɓe da ganyen ayaba ya cika gonar, mai tsami-tsami, mai sa nauyin ido. Gyangyaɗi ya ɗauke ta. Ta ga 'ya'yan kokon da ke manne a jikin itatuwa suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya, a cikin kowanne akwai ɗan burodi mai zafi. Ta ga tanderunta ya yi saiwa a tsakiyar gona, mahaifiyarta na zagaya shi da tsintsiya, tana magana amma ba a jin sautinta. Ta miƙa hannu za ta tsinki burodi ɗaya, sai reshen ya yi sama.

"Matar birni, an tuna da mu ke nan?"

Ta buɗe ido. Amoateng ne tsaye da adda a kafaɗa. Tun suna yara suke wannan wasa na taubasai.

"Mijin ƙauye, har yanzu takalmin nan ne? Ya kusa yi maka jika."

"Ki saya mini mana, ba ke ce mai burodi ba?"

Ta daina dariya. Idan ta yi shiru, haraji zai cinye tanderun. Idan ta faɗa, wannan mutumin yana iya cewa kuɗin dangi ne, a dawo da su. Ta dubi ƙasa ta faɗa masa duka, tun daga ƙunshin zane har wasiƙa. Ya daɗe yana goge bakin addar da ɗan yatsa.

"Lahadi, bayan coci," ya ce, ya wuce.

Ranar Lahadi aka jera kujeru a tsakar gida. Babban dangi, Nana Twumasi, ya zauna a tsakiya, malamin makarantar garin na gefensa da takarda. Boatemaa ta ajiye kwalba biyu na abin sha, ta ɗaure farar tunkiya a jikin turmi, ta durƙusa.

"Dapaa," in ji Nana, "me ka ba yarinyar nan?"

Tsohon ya dubi tunkiyar, ya dubi sama. "Wace yarinya?"

Aka sake tambaya, ya fara ba da labarin wata ambaliya da aka yi tun yana saurayi. Malamin ya rufe alƙalaminsa. In mai kyauta bai faɗa da bakinsa ba, babu abin da za a yi wa godiya. Boatemaa ta ji kamar reshen nan ne ya sake yin sama.

Sai Amoateng ya miƙe. Ya shiga rumfa ya cicciɓo buhun koko, ya dire shi a gaban tsohon har ƙasa ta amsa.

"Maigida, wannan na gonar bakin rafi ne. Kuɗinsa a na dangi za a zuba, ko?"

Tsohon ya zabura, idonsa ya washe kamar an ɗaga labule. Ya ɗauka Amoateng wani ɗan ƙwadago ne.

"Kai, ba ka da kunya? Gonar bakin rafi ni da Konadu muka sare dajinta da hannunmu, ba ta kakan kowa ba ce! Kaka uku na tara kuɗinta, na ba 'yata Boatemaa ta sayi tanderu. Nata ne, na ba ta." Sai ya rage murya, ya jawo rigar Amoateng. "Amma kada ka gaya wa Amoateng."

Tsakar gidan ta ɗauki dariya, wasu mata na share ido da bakin zane.

"Ba zan gaya masa ba, Kawu," in ji Amoateng. Ya juya wajen Nana. "Ni na kai buhunan nan sikeli duk kaka ukun. Ina jira ne kawai in ga ranar da matar birni za ta koyi godiya."

Shi ya fara karɓar ƙoƙon abin sha, ya zuba wa ƙasa nata, ya kurɓa. Malamin ya rubuta, aka kama ɗan yatsan tsohon aka dangwala, Nana da Amoateng suka bi baya. Boatemaa ta taɓa gwiwar mahaifinta ta yi godiyarta. Ya ɗora mata hannu a ka, ya dube ta sosai.

"Ke, Boatemaa, kina nan, wa ke duba miki wutar?"

Ranar Talata dattijuwa mai tabarau ta karanta takardar, ta ƙirga yatsu uku, ta buga hatimi. Boatemaa ta koma ta kunna tanderu. Daga gashin farko ta ware burodi biyu, ta ba direban motar Tepa ya kai ƙauye, tare da sabon takalmi na Amoateng.