Ledar Injin Malam Barau

Motar haya ta bar Gwaram ɗauke da Malam Barau. Mataccen injin ban ruwansa na ɗaure a bayan mota, hankalinsa kuwa yana kan 'yarsa Safiyatu, wadda yau za ta fara tsayawa a matsayin lauya gaban babbar kotu a Birnin Kudu.

Barau ne ya sa ƙungiyar manoman rani ta Fagam ta ba ta shari'ar. Sun sayi injuna a hannun wani ɗan kwangila, Alhaji Ɗanbala, wanda ya rantse musu cewa 'yan Japan ne. Kafin albasa ta yi kai duk sun tsaya cik. Da aka zo maganar lauya, Barau ya miƙe ya ce ga tasa. Aka yi ta gunaguni, wai yarinyar da jiya-jiya ta gama karatu. In ta faɗi, ya san har abada za a riƙa cewa son kai ne ya kashe ƙungiya, kuma ba mai sake kawo mata aiki.

Maƙwabcinsa Manu, da ke zaune kusa da shi a motar, ya leƙa baya ya yi dariya. "Malam, injin ya mutu, amma har yanzu yana cikin kayan amarcinsa!"

Kowa ya san halin Barau: ba ya cire wa sabon abu leda. Kujerar babur ɗinsa ma tana nan a lulluɓe. Safiyatu ta sha tsokanarsa a kan haka, shi ya sa da ta ce masa kada ya taɓa ledar injin ya ɗauka wata tsokanar ce.

A kotu lauyan Ɗanbala bai musa cewa injin jabu ne ba, don injiniya ya riga ya ba da shaida. Cewa ya yi, "Ya mai shari'a, wannan ba kayanmu ba ne. Mun ba su na gaske, suka sayar, suka kawo wannan."

Sai Barau ya ji an kira sunansa ya zo ya ba da shaida.

"Baba..." Safiyatu ta yi gyaran murya. "Malam Barau, me ya hana ka cire ledar da ke jikin tankin nan?"

"Haba, sabon abu a tuɓe shi?"

Aka bushe da dariya, har alƙali ya sunkuyar da kai. Ita ba ta yi ba. Ta roƙi kotu ta dubi salatif ɗin da ya naɗe ledar: sunan shagon Ɗanbala ne a jikinsa, ba a taɓa yanka shi ba, kuma tambarin jabun yana ƙarƙashinsa. Ta juya ga Alhajin ta tambaye shi ko akwai mai irin wannan salatif bayan shi. Ya cire hula ya mayar.

Ranar da aka yanke hukunci kotu ta umarce shi ya kwashe jabunsa ya biya ƙungiya asararta. A bakin ƙofa Manu ya ce, "Lauya, Allah ya ƙara basira."

Barau ya gyara babbar riga. "Ka ƙara ɗaga murya, na baya ba su ji ba."