Ranar da Zaure Ya Tsayar da Nafi'u

Muryar Nafi'u ta ci amanarsa ne a gaban tablo, allon aji, yana tsakiyar karatu. Mushe Haruna, malamin ajinsu, shi ya ce ya tashi ya karanta abin da aka rubuta. Ya fara lafiya lau da 'yar muryarsa da kowa ya sani, sai wani abu ya ɓalle masa a maƙogwaro. Kalma ɗaya ta fito da kauri kamar kukan bajimi, ta bayanta kuma ta tsinke ta yi sama kamar an taka wa kyanwa wutsiya.

Aji ya kaure da dariya. Har Mushe Haruna sai da ya juya yana goge tablon da babu komai a kansa, kafaɗunsa suna rawa.

Dariyar ba ta dami Nafi'u ba. Abin da ya faɗo masa a rai tun kafin ya koma wurin zamansa shi ne zauren Malam Lawali.

A Tsarnawa, yaro ƙarami yana shiga kowane gida kansa tsaye. Ya yi sallama, ya wuce zaure, ya ratsa tsakanin matan gida suna daka, har a miƙa masa ƙanzo. Amma ranar da maigida ya ji murya ta yi kauri, ko ya ga gashin baki ya tsiro, shi ke nan, zaure ne iyaka. Malam Lawali kuwa kunne gare shi kamar na zomo. Bara ya tsayar da Sharifu, yayan Nafi'u, a gaban idon ƙanen nasa, ƙafarsa ɗaya a ciki ɗaya a waje, da ƙwaryar fura a hannu. "Aje nan, samari, yara su shigar," in ji shi. Tun ranar Sharifu bai sake ganin tsakar gidan ba.

A cikin gidan nan kuwa, can ƙurya, a ɗakin Kaka Tsahara, Badaru yake kwance. Badaru ɗan Malam Lawali ne, kuma abokin Nafi'u tun suna yawo babu wando. Ya faɗo daga amalanken jaki garin tsere, ƙafa ta karye. Maɗori ya ɗaure ta da karare, ya ce kada ta taɓa ƙasa sai an gama yankan gero, ga shi gero ko kai bai fitar ba. Babu abin da Badaru yake gani sai rufin ɗaki da ƙwaryar goron kakarsa. Kullum idan aka tashi daga lakwal, wato makaranta, Nafi'u ne yake kawo masa duniya: wanda aka yi wa bulala, wanda ya ci ƙwallo, motar albasar da ta kife a kan hanyar Konni.

Da yammacin ranar ya tsaya bayan katanga, ya gwada murya har ya samo siririyar, sannan ya durƙusar da gwiwa don ya rage tsawo.

"Salamu alaikum," ya ce, a tsuke kamar sauro.

Malam Lawali yana zaure yana gyaran igiyar guga. Ya ɗaga kai ya dube shi. "Nafi'u, mi ya samu bayanka kake tahiya awa tsoho?"

Nafi'u ya yi murmushi, ya shige da sauri ba tare da ya amsa ba.

Sai da Kaka Tsahara ta fita alwala ya raɗa wa abokinsa abin da ya faru. Badaru ya ce bai yarda ba sai ya ji. Nafi'u ya leƙa waje, ya dawo, ya ce "Badaru" a hankali, sunan ya rabe biyu a bakinsa. Badaru ya yi dariya har ƙafar ta motsa, ya koma yana salati. Can sai dariyar ta ɗauke.

"In Baba ya ji, ya hana ka shigowa."

"Na sani."

"To ni da wa zan yi hira? Da Kaka? Labarinta guda ne, na shekarar da fari sunka cinye dawa. Na ji shi har na iya kukan farin." Ya kama hannun rigar Nafi'u. "Kada ka bari ya ji. Mu gyara ta."

Badaru ne likita, tunda ba shi da wani aiki sai tunani. Ya ce murya tsatsa ta yi, kamar sarƙar keke, santsi take so. Ya sa Nafi'u ya jiƙa ɗanyar kuɓewa a gwangwani, ya shanye yauƙin da safe kafin ya ci komai. Nafi'u ya rufe ido ya shanye. Muryar ba ta gyaru ba, cikinsa ne ya ɗauki kuka, har Mushe Haruna ya tambaya ko hadari ne ya taso. Aka koma ɗanyen ƙwan zabo. Shi ma bai yi ba.

Ana cikin haka Badaru ya ƙura masa ido wata rana, ya ce, "Matso nan. Mine ne wanga bisa leɓenka?"

"Ƙura ce."

"Ƙura mai saiwa?"

Suka ɗauko hantsakin da Kaka take cire ƙaya da shi. Badaru ya cafki gashi ɗaya ya fizge. Nafi'u ya cusa gefen tabarma a baki don kada ihun ya fito da muryar da suke ɓoyewa, hawaye suna zuba. Daidai nan Wasila, ƙanwar Badaru, ta ɗaga labule da kwanon kunu a hannu. Ta dubi wannan, ta dubi wancan.

"Fiɗar kaza kuke yi?"

"Fita, sarkin sa ido!" in ji Badaru.

"Zan fita. Amma Nafi'u, wandonka ne ya tsuke ko ƙafarka ce take gudunsa?"

Nafi'u ya dubi idon sawunsa a waje. Bai san dalili ba, sai ya ji kunnuwansa sun ɗauki zafi. Wasilar da suka sha dambe a kan goriba, yau ya kasa haɗa ido da ita.

Dabara ta ƙarshe ita ce mura. Nafi'u ya naɗa rawanin kakansa a wuya, cikin zafin da ko ƙadangare yana neman inuwa, ya riƙa sallama da raɗa yana nuna maƙogwaro. Malam Lawali ya yi masa sannu ya bar shi ya wuce. Sai dai Inna Balki, mahaifiyar Badaru, ba ta ganin mara lafiya ta ƙyale. Ta tafasa tazargade, ta zaunar da shi a gaban tukunya, ta lulluɓe shi da bargo.

"Shaƙa, ɗana, shaƙa da kyau!"

Ya fito jiƙe sharkaf, ido jajir. Kaka Tsahara tana zaune bakin ƙofarta tana goga goro a magogi. Kamar yadda take kiran jikokinta da abokansu duka, ta ce, "Mijina, wagga mura taka mai ladabi ce. Ba tari, ba majina." Ta kanne ido ɗaya. Nafi'u ya yi kamar bai gani ba.

Haka aka yi ta lallaɓawa har ranar Juma'ar da zafi ya hana Badaru zaman ɗaki. Matan gida suka taru suka jawo tabarmarsa zuwa bakin ƙofa, ƙafar da aka ɗaure tana miƙe a waje kan matashi. Nafi'u ya shigo bayan la'asar da rawaninsa, ya yi sallamar raɗa, ya ratsa tsakar gida. Inna Balki tana tankaɗe, matan ƙannen Malam Lawali suna surfe, kowace da ɗaurin ƙirji, babu mai ko kallonsa. Yaro ne ya shigo.

Sai ya ji ƙarar turke.

Ragon Kaka ne, wani ƙaton balami mai mugun hali da ake kiwo saboda layya. Ya tumɓuke turken gaba ɗaya, yana jan sa a ƙasa. Ya ja da baya, ya sunkuyar da kai. Abin da ya sa a gaba shi ne kwanon dusar da wata yarinya ta ajiye a gefen tabarmar Badaru, ƙafar kuwa tana tsakaninsa da kwanon.

Badaru ya gani, ya yi ƙoƙarin ja da baya, ya kasa. Matan ba su lura ba, ƙarar taɓarya ta cika gidan. Nafi'u ya buɗe baki ya yi 'yar siririyar, "Kai, kai." Ko kunne ragon bai kaɗa ba. Ya taso.

Nafi'u ya cika ƙirjinsa da iska.

"KAI! TSAYA NAN!"

Shi kansa bai san akwai wannan murya a cikinsa ba. Ta daki katanga ta dawo. Tantabaru suka tashi daga kan rumbu. Ragon ya yi turjiya ya waiwayo, kafin ya gane abin da ake ciki Nafi'u ya faɗa masa, ya riƙe ƙahonnin biyu, suka yi ta juyi cikin ƙura har ya danne shi da gwiwa a gindin turmi.

Tsakar gida kuwa ta hargitse.

"Namiji! Namiji cikin gida!"

Taɓare suka zube. Wata ta yi ɗaki da gudu, wata ta fizgi zanen shanya ta yafa, Inna Balki ta rasa abin rufa ta kifa faifai a ka. Wasila kaɗai ta tsaya tana dariya har da riƙe ciki.

"Wane ƙato ne ya shigo mani gida?" Malam Lawali ne, da sanda a hannu. Ya duba dama, ya duba hagu. Babu kowa sai Nafi'u a kan rago, rawani ya warware, wuya a fili.

"Kai ne?"

Nafi'u ya nemi siririyar, ya rasa. "Ni ne, Baba," ya ce, muryar ta fito da kaurinta.

Malam Lawali ya dubi ƙafar ɗansa, ya dubi sawun ragon da ya tsaya dab da matashin. Ya karɓi igiyar ya ɗaure dabbar a jikin bishiya da kansa. Sannan ya ce, "Biyo ni."

Nafi'u ya bi shi. Bai waiwaya ba, don ya san idan ya ga fuskar Badaru zai yi abin kunya. A zaure Malam Lawali ya nuna masa buzun da baƙi suke zama.

"Murar ta warke ke nan."

"Baba, ba mura ba ce."

"Na sani. Tun ranar da ka shigo kana tahiya awa tsoho na sani. Ina jira in ga iyakar wayonku ne, kai da wancan gurgun." Ya zauna. "Daga yau nan ne wurinka. Ba don ka yi laihi ba. Ka girma, shi ke nan. Ni ma an tsai da ni, da rake a bakina."

Nafi'u ya ɗago kai. "To Badaru hwa? Ba shi da kowa sai labarin fari."

Malam Lawali ya yi wani tari mai kama da dariya. Ya dubi hannuwan yaron, da gashin rago a jikinsu.

"Wanda ya kada ragon Kaka, ya iya ɗaukar rabin Badaru?"

"Har dukansa, Baba!"

"Rabi ya isa. Ɗauko ƙyauren can."

Wani tsohon ƙyauren katako ne jingine a bango. Nafi'u ya cicciɓo shi. Malam Lawali ya tsaya bakin ƙofar ciki, ya gyara murya, ya ɗaga ta yadda yake yi idan magina ko masu gyaran rumbu za su shiga.

"A kintsa! Maza za su shigo!"

Nafi'u ya waiga ya ga ko akwai wani a bayansu. Babu kowa. Shi ake nufi.

Ya shiga kansa a sunkuye, yana kallon yatsun ƙafarsa kamar yadda ya ga manya suna yi. Matan duk sun yi lulluɓi. Inna Balki ta ce daga bakin ɗakinta, "Sannu da aiki, samari," ya amsa da ladabi, muryar ta tsinke a tsakiya, wata ta yi ƙyaƙyata a bayan labule. Ya san ko wace ce.

Suka zame Badaru a hankali zuwa kan ƙyauren, Kaka Tsahara tana riƙe da matashin ƙafar tana ba da umarni. "A hankali, kada ku zubar mani da tsohon miji. Kai kuma sabon, tunda ka yi murya, gobe ka zo mani da goro. Zaure zan fito in karɓa."

Da suka sauke shi a zaure, Badaru ya juya kai wajen ƙofa. Ta ƙofar waje ana hango babbar hanya. Wata motar siminti daga Malbaza ta wuce tana gurnani, 'yan kabu-kabu suna bin ta a baya, wani Bafulatani yana ta fama da shanunsa su tsallaka. Tun ranar da ya faɗo bai ga ko keke ba. Ya yi ta kallo, baki buɗe.

"Kullum bayan la'asar," in ji Malam Lawali, yana ɗaukar butarsa. "Kai ka ɗauki wajen kai, ni in ɗauki wajen ƙafa. In ka makara, ni zan ba shi labarin fari."

Da ya fita, Badaru ya juyo. "Sake yi mu ji."

"Mi?"

"Wadda ka yi wa rago."

Nafi'u ya cika ƙirji ya ce, "Kai!" Wani jaki da ke ɗaure a ƙofar maƙwabta ya amsa masa da dogon kuka.

Badaru ya fashe da dariya, yana dukan ƙyauren da tafin hannu. Yana cikin dariyar sai ta karye, ta faɗa ƙasa da kauri, ta sake tsinkewa ta yi sama. Ya toshe bakinsa da hannu biyu, ido waje.

Nafi'u ya gyara zama a kan buzu, ya harɗe ƙafa.

"Kada ka damu," ya ce. "Akwai sauran kuɓewa a gida."