Kututturen Kaɗanya Biyu

Mairama ta sha gaban katafilar tun kafin ta san ta yi. Ta keto cikin jar ƙasar da aka tone tana ɗaga hannu biyu, mayafinta na jan ƙasa. Direban ya taka birki ya leƙo da zagi a bakinsa, da ya ga dattijuwa ce sai ya haɗiye abinsa.

"Kada ka ƙara gaba! Ɗana yana cikin ƙasar nan!"

Bayan garin Birnin Gwari ne, inda hukuma ta yanka sabuwar unguwa. An kafa turaku masu jan fenti, nan fuloti, can hanya, a tsakiya kuma filin shaƙatawa da aka ce za a dasa wa itatuwa. Mutanen gari sun sha dariyar wannan fili. Garin da daji ya hana barci, wai shi za a dasa wa daji a tsakar unguwa.

Nathaniel, jami'in da ke kula da awon, ya taho da sauri da taswira a hammata.

"Mama, lafiya? Ki fito daga gaban inji mu yi magana."

Ta faɗa masa a tsaitsaye, numfashi na yanke mata. Shekarar da 'yan bindiga suka tashe su daga ƙauyensu na wajen Kutemeshi, ɗanta Suhaibu ya iso nan da harsashi a cinya, bai kai asibiti ba ya cika. Gari a firgice yake, ba mai iya zagayawa maƙabarta. Maza suka yi masa sutura, suka binne shi a wannan fili. Shi kaɗai gare ta a duniya.

Nathaniel ya buɗe taswirar ya daɗe yana kallo.

"Aikin nan ba ni da ikon tsayar da shi, Mama. An riga an raba filayen, wasu ma 'yan gudun hijira ne irinki. Amma filin shaƙatawar zan iya karkatar da shi gefe. In kabarin ya faɗa ciki, ba mai gini a kansa har abada. Nuna mini wurin."

Nan fa matsalar take. Mace ba ta raka gawa. Ranar tana makarantar da aka sauke su, mata sun rirriƙe ta. Ba ta taɓa ganin kabarin ba. Abin da ta sani kawai, yana nan, kuma kullum ta wuce da itace a ka takan yi wa filin sallama gaba ɗayansa.

Aka tura mai acaɓa ya ɗauko Malam Hammadu, wanda ya rage a gari cikin waɗanda suka yi binnewar. Tsohon ya sauka ya dudduba gabas da yamma.

"A gindin kaɗanya muka sa shi. Wannan ba na shakka."

"Wace kaɗanyar, Baba?"

Babu kaɗanya ko ɗaya a tsaye. Masu gudun hijira sun sare su sun yi gawayi, ita kanta Mairama ta kasa gawayin nan a bakin kasuwa ta ci abinci. Kututture biyu suka rage, ɗaya gabas, ɗaya can yamma, tazarar da fili ɗaya ba zai haɗe ba. Tudun kabarin kuwa damina da kofaton shanu sun daɗe da shafe shi.

Malam Hammadu ya je gabas ya tsaya, ya tafi yamma ya tsaya, ya dawo idonsa ya kaɗa.

"Mairama, ki yafe mini. Ranar muna haƙa kunnenmu yana daji don tsoron 'yan bindiga. Wallahi ba zan yi miki ƙarya a kan mamaci ba."

"To a ɗan tona a hankali a duba mana," in ji Nathaniel.

"Subhanallahi! A tone shi?" Mairama ta dafe ƙirji. "Bai huta da rai ba, a hana shi hutawa a mace?"

Direba ya danna ham. Kowa ya zuba mata ido. Ta dubi wannan kututture, ta dubi wancan, tana jiran zuciyarta ta uwa ta gaya mata wani abu. Zuciyar ta yi shiru. Ta ɗaga hannu ta nuna gabas, don dai dole hannun ya nuna wani wuri.

Aka cire turaku aka mayar gabas. Katafila ta juya ta nufi yamma inda hanya za ta bi, ta tumɓuke kututturen. Mairama ta bi bayanta tana leƙa kowace ƙasa da ta kife, har injin ya kai ƙarshen layi. Ba ƙyalle, ba itacen rufi, ba komai.

"Kin gani, Mama!" Nathaniel ya yi ajiyar zuciya. "Babu komai a nan. Kin nuna daidai."

Har ta buɗe baki za ta yi hamdala. Direban ya diro yana goge wuya da tsumma.

"Ai sama-sama nake kankarewa, Oga, bai fi taƙi ɗaya ba. Ko yana nan ƙasa ba za a gani ba."

Nathaniel ya harare shi, amma ta riga ta ji. Ta tsaya a kan sabuwar hanyar, ta dubi ƙasan ƙafafunta, sannan a hankali ta matsa gefe.